Littafin awon yaran unguwarmu

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan littafi ne saboda wani yaro da muka binne a daminar bara. Ɗan maƙwabciyata ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma bai cika shekara ɗaya da rabi ba. Kullum ina ganinsa a bayan uwarsa idan ta shigo ɗiban ruwa a rijiyar gidanmu, ina yi masa wasa, ban taɓa kawowa a raina cewa yaron nan ƙarewa yake yi ba. Sai da gudawa ta kwana uku ta kayar da shi aka kai shi asibiti, ya kwana biyu a can rai ya yi halinsa. Bayan sadakar uku uwar ta nuna mini katinsa. Shafin riga-kafi a cike yake har zuwa allurar ƙyanda ta wata tara. Shafin awo kuwa, mai layukan nan da ke hawa kamar tudu, ɗigo biyu ne kawai a cikinsa.

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan yaran nan dai idona bai san kima ba. Idan duk yaran layinku ƙanana ne, ramammen cikinsu ma daidai za ki gan shi.

Malamar asibitin garinmu ɗalibata ce a makarantar matan aure da nake koyarwa. Da na kai mata maganar sai ta ce, "Malama, da an gama allurar wata tara iyaye ke ɗauke ƙafa, alhali tsakanin wata shida da shekara biyu ne tamowa ta fi kama yaro." Muka yi shawara mu kawo awon cikin unguwa. Asabar ɗin farko ta kowane wata, a tsakar gidan Islamiyya, daga jariri zuwa ɗan shekara biyu, in na sama da haka ya zo ba za mu kore shi ba. Mai unguwa ya amince, Liman ya yi alkawarin sanarwa bayan sallar Juma'a. Kayan aikinmu: sikelin ratayewa mai ɗaukar kilo 25 da malamar ta aro mana, tef ɗin awon damtse, da littafi mai layi. Kafinta yana haɗa mana allon awon tsawo. Ba zan rubuta sunan kowane yaro a nan ba, lambar katinsa ta isa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Awon farko. Yara 46 aka kawo, mun fi sa'a huɗu muna abu ɗaya, na koma gida muryata a dishe.

Mun rataye sikelin a reshen darbejiya, ga sanyi ga hazo, iyaye suka ƙi yarda a tuɓe yara. Suna da gaskiya, amma rigar sanyi da hula da safa da laya suna ƙara nauyin da zai ɓata lissafin jariri. Muka mai da sikelin cikin aji, aka kawo kasko da garwashi, sannan aka yarda. Wandon awon da ya zo da sikelin ya firgita yara, suna ta zillo allurar tana rawa. Inna ungozoma ce ta kawo dabara: ta ɗaura wa robar wanka igiya huɗu, aka shimfiɗa zane a ciki, muka mai da allurar kan sifili da robar a rataye, yaro ya zauna kamar a gida. Wata tsohuwa ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malama, ɗan mutum ake ratayewa kamar naman mahauta?" Wata kuma tsoron baki take yi, kada a faɗi nauyin jikanta a gaban jama'a. Na ɗauki maganarta da muhimmanci. Daga yau ba a ɗaga murya a faɗi lamba, a kunnen uwa ake faɗa, kuma duk wanda ya duba sikelin ya ce tubarkalla.

Abin da ya fi ba mu wahala ba sikelin ba ne, shekarun yara ne. Nauyi ba ya faɗin komai sai an san watannin yaro, kilo 7 a jikin ɗan wata biyar alheri ne, a jikin ɗan shekara ɗaya da rabi kuwa abin tashin hankali ne. Fiye da rabin yaran a gida aka haife su, babu takarda. Sai muka koma lissafi irin namu: kafin azumi ko bayansa, da shuka ko da girbin gero, saura kwana nawa Mauludi. Uwar mai kati na 14 ta ce mako biyu bayan Babbar Sallah ta haihu. Babbar Sallar bara ta kama 16 ga Yuni, ke nan yarinyar tana da wata bakwai. Na kwana ina jera sallolin shekara biyu da watanninsu a bangon littafin nan, don kada mu riƙa maimaita wannan wahala.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Malamar asibiti ta zo gida ta koya mini sa ɗigo a kati. Watanni a ƙasa, kilo a gefe, inda suka haɗu nan ake ɗigawa. Ta ja mini kunne a kan abu ɗaya: ɗigo guda ba ya magana, sai an haɗa na wata da na wata an ga inda layin ya dosa. In yana hawa, madalla, ko da yaron ƙarami ne. In ya kwanta, a bincika. In ya gangara, kada a jira wata mai zuwa.

Na yi mamaki da na gano cewa wannan kati a ƙasar nan ya yi jarirantakarsa. Wani likita ɗan Ingila, David Morley, shi ya tsara shi lokacin da yake aiki a Imesi-Ile, cikin Jihar Osun ta yanzu, wajen ƙarshen shekarun 1950, ya kira shi hanyar lafiya, kuma ya nace a bar katin a hannun uwa, ba a kabad ɗin asibiti ba. Layukan da ke jikin katinmu na yau kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fitar da su a 2006, bayan an bi girman yara kusan 8,500 tsakanin 1997 da 2003 a ƙasashe shida: Barazil, Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka. Abin da aka gani shi ne, yaran da suka sha nono, suka ƙoshi, suka tashi cikin tsafta, girmansu a shekarun farko kusan iri ɗaya ne, ɗan Accra da ɗan Oslo. Matsakaicin namiji ɗan shekara ɗaya kilo 9.6, mace 8.9.

Wannan ya ba ni amsar da zan ba masu ce mini, "Ai mu irin gajeru ne, awon Turawa ba zai yi mana daidai ba." Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Yaro ɗaya cikin biyu da ɗoriya. Wannan ba gado ba ne, abin da ke cikin kwano ne, da ruwan sha, da yawan ciwo.

Asabar, 1 ga Maris

Yau aka tashi da azumi. Mun fara da hantsi mun gama kafin azahar, yara 51. Allon tsawo ya iso. Yaron da bai kai shekara biyu ba a kwance ake auna shi, mutum ɗaya ya riƙe kai, ɗaya ya danne gwiwoyi. Na auna yaro guda sau uku na sami lamba uku, don haka tsawo sai malamar asibiti tana nan, kuma bayan wata uku-uku. Na roƙi Liman ya taɓo rangwamen da shari'a ta yi wa mai ciki da mai shayarwa idan ta ji wa kanta ko ɗanta tsoro, ya ce zai yi a wurin tafsiri.

Asabar, 5 ga Afrilu

Ɗigo na uku, kuma yau ne na ga amfanin wannan aiki da idona.

Mai kati na 14: Fabrairu kilo 6.9, Maris 6.9, yau 6.8. Yarinya ce mai fara'a, tana rarrafe, tana dariya, kumatunta ba su faɗa ba. Tef ɗin damtse kore ya nuna, wato launin da ke nuna babu tamowa. Ba ta ma sauka ƙasan layin haɗari a kati ba. Da ido za a bi, babu mai cewa komai. Amma wata biyu ke nan ba ta ƙara ko giram ɗari ba, a lokacin da ya kamata tana ƙaruwa. Haka irin layin ɗan maƙwabciyata zai kasance da an zana shi, na tabbata.

Da yamma na bi uwar gida. Amarya ce, haihuwar fari, tana ta sunkuyar da kai kamar mai laifi. Na ce, "'Yar nan, ba tuhuma na zo yi ba, nuna mini abin da take ci." Ta ɗauko kofin koko. Na tsoma cokali na karkata, ya zube kamar ruwa. Sau biyu a rana take ba ta, sauran nono. Ga inda gizo ke saƙa. Cikin yaro ɗan wata tara bai fi ƙaramin kofi ba, in aka cika shi da tsararo yaron zai yi shiru, uwa ta ɗauka ya ƙoshi, alhali ruwa ya sha da ɗan ƙamshin gero. Kunun yaro ana so ya yi kaurin da zai tsaya a cokali, a sa masa ɗan man gyaɗa ko manja, kuma daga wata tara a ba shi sau uku zuwa huɗu a rana ban da 'yan abin taɓawa. Na tambaye ta ƙwai, ta ce uwar mijinta ta hana, wai yaro zai tashi da sata. Kajin gidan suna ta yawo a gabanmu muna wannan magana.

Ba ita kaɗai ba ce, katuna tara ne layinsu ya kwanta. Mun yanke shawarar haɗa garin kunu a makaranta, irin wanda ake kira Tom Brown: awo shida na gero ko dawa, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne daban, a cire ɓawon waken, a niƙa tare. Kowace uwa ta kawo abin da take da shi, wadda ba ta da ko ɗaya ta kawo hannunta wajen suya. Ba na son abin ya zama rabon sadaka, don ranar da sadaka ta yanke kunun ma ya yanke.

Asabar, 3 ga Mayu

Zafi ya kai maƙura, kuma rigimar yau a kan ruwa ce. Kusan duk jaririn da aka kawo ana ɗura masa ruwa, har da ɗan kwana ashirin. Da na ce nono zalla har wata shida, wata Hajiya ta ce, "Haba Malama, ke kin iya yini a wannan zafin ba ruwa? Alhakin jariri fa?" Tausayi ne ya sa ta faɗi haka, kuma ba a amsa tausayi da faɗa. Malamar asibiti ta yi musu bayani cewa kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne, uwar ce za ta yawaita sha, ta yawaita ba da mama. Ruwan randa yana cinye wurin nono a cikin jariri, ga shi yana shigar da abin da ke kawo gudawa. A binciken 2018 ɗin nan, kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran ƙasar nan 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla.

Aka gangaro kan dakashi, wanda har yanzu wasu ke matsewa su zubar wai nono ne mai dauɗa. Inna ungozoma ta ba ni mamaki. Ta miƙe ta ce shekara talatin tana sa a zubar, yanzu ta daina, kuma duk wadda ta karɓi haihuwarta sai ta sa jariri a mama kafin ta bar ɗakin. Maganarta ɗaya ta fi tawa goma.

Na lura kakanni ne ke riƙe da cokali a gidajen nan, mu kuwa matasan iyaye muke ta yi wa karatu. Na sa ranar Laraba ta zama ta tsofaffi su kaɗai.

Asabar, 24 ga Mayu

Mun sami tef guda 60, muka raba wa iyaye, muka koya musu awon damtse. Damina na tafe, daga awo zuwa awo kwana talatin ne, yaro kuwa yana iya zubewa cikin kwana goma. Wannan dabara ba tamu ba ce. A Mirriya, kusa da Damagaram, ƙungiyar agajin lafiya ta ALIMA ta koya wa iyaye mata wannan awo, aka ga suna gano tamowa kamar yadda ma'aikatan lafiya ke ganowa, har ma da wuri, tun kafin ta kai ga kwanciya asibiti. Matan can danginmu ne, a kasuwar Maigatari muke haɗuwa ranar Alhamis. Abin da suka iya za mu iya.

Hannun hagu, tsakiyar tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, hannun a sake, kada a matse tef ɗin kada a bar shi sako-sako. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, a tafi asibiti a ranar. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 ruwan ɗorawa, a zo mu zauna. Daga 12.5 kore. Daga ɗan wata shida zuwa shekara biyar ake yi. Ba sai mace ta iya karatu ba, launi ne. Yawancinsu matsewa suke yi da farko, sai muka sa suka yi ta gwadawa a jikin ɓawon rake da hannun juna har hannunsu ya faɗa. Mun kuma nuna musu danna bayan ƙafafu biyu da babban yatsa, a ƙirga uku a hankali, in gurbin yatsa ya zauna a duka biyun kumburi ne.

Asabar, 14 ga Yuni

Mun ɗaga awo da mako ɗaya saboda Sallah. Yara 55. Mun duba wa kowa bitamin A a kati, shuɗin ƙwanso na ɗan wata shida zuwa goma sha ɗaya, ja na ɗan shekara ɗaya zuwa sama, da maganin tsutsar ciki. Mai kati na 14 ta kai 7.4, uwar mijin da kanta ta rako su, ta ce mini a kunne ta fara dafa mata ƙwai. Mai kati na 31 ya sauka daga 7.8 zuwa 7.5, damtse ruwan ɗorawa. Na ba uwar garin kunu na ce ta kai shi asibiti ranar Litinin.

Asabar, 5 ga Yuli

Zan rubuta kuskurena yadda ya faru, don wadda za ta karɓi wannan littafi bayana.

Kakar mai kati na 31 ce ta kawo shi. Na sa shi a roba, allura ta nuna 8.1. Ƙarin giram 600 cikin mako uku. Na yi hamdala, na ɗiga, har na fara yi wa kakar barka. Inna ungozoma da ke zaune tana karɓar yara ta ce, "Malama, dakata, dubi ƙafar yaron nan." Ta danna, gurbin yatsunta ya zauna kamar a ƙullun tuwo. Ruwa ne na auna, ba tsoka ba. Sai a lokacin na ga sauran: gashi ya yi ja ya yi laushi, fata tana saɓulewa a cinya, yaron ba ya kuka ba ya dariya, kallonmu kawai yake yi.

Labarin ya fito. Uwar ta yi kwanika, da aka gane tana da ciki aka yanke masa nono rana ɗaya, wai nonon mai ciki guba ne, aka kai shi yaye gidan kaka a wani ƙauye, yana ta ƙin abinci, ana ba shi koko da ruwan tuwo. Asibitin da na ce a je ba a je ba, ni kuma ban bi sawu ba. Wannan laifina ne. Ciwon nan a asibiti kwashiyoko suke ce masa, kalma ce ta harshen Ga na Accra, wadda likita Cicely Williams ta shigar da ita littattafan likitanci a 1935, ma'anarta ciwon yaron da aka ture saboda ƙani na tafe. Mutanen can sun ga abin da muke gani sun raɗa masa suna tun da daɗewa. Ga shi Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, kuma malamar asibiti ta tabbatar mini mai ciki lafiyayya tana iya ci gaba da ba da mama, in za a yaye a yi a hankali.

Uban yana gona, aka aika masa. Da ya zo ya ce a bari sai an gama noma. Ban yi gardama da shi a gaban mata ba, na tafi wurin mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan ba zai kai ƙarshen noma ba." Shi ya kira shi gefe, shi ya ba da babur ɗin ɗansa. An kwantar da yaron a asibiti, don ya ƙi cin abincin da aka ba shi don a gwada ko zai iya ci. Sun fara shi da wata madara ta musamman, F-75, kaɗan-kaɗan dare da rana. Na tambaya me ya sa ba za a cika masa ciki ba, aka ce jikin da ya kai wannan hali abinci mai yawa farat ɗaya yana iya kashe shi.

Na sauya tsarin awo. Ƙafa farko, sannan damtse, sannan sikeli. Kuma duk wanda na tura asibiti zan taka gidansu bayan kwana biyu.

Asabar, 2 ga Agusta

Yara 29 kawai. Mata suna gona, rumbuna sun yi ƙasa, wasu gidajen sau ɗaya ake ɗora tukunya. Lokacin da aka fi bukatar awo shi ne lokacin da ba mai sukunin zuwa. Ni da ɗalibaina huɗu muka raba unguwa, muna bi gida-gida bayan la'asar da tef, sikelin kuma ɗan ƙanena ke ɗauka.

Gudawa da zazzaɓi sun yi yawa, kuma kusan duk layin da ya gangara a watan nan akwai ɗayansu a bayansa. Kowa haƙori yake ɗora wa laifi. Abin da muke nanatawa: ruwan gishiri da sukari na asibiti, ƙwayar zinki kwana goma zuwa sha huɗu ko da gudawar ta tsaya, kada a daina ba da nono da abinci, in yaro ya warke a ƙara masa ci ɗaya a rana har mako biyu. Masu rabon maganin riga-kafin zazzaɓin damina na 'yan wata uku zuwa shekara biyar sun zagayo, muna tuna wa iyaye na rana ta biyu da ta uku da ake bar musu, don nan ake sakaci.

An sallamo mai kati na 31, yana karɓar abincin tamowa mai gyaɗa mako-mako. Ɗan ƙunshin nan giram 92 ne, ƙarfinsa kalori 500, gyaɗa ce da madarar gari da sukari da mai da bitamin. A Faransa aka ƙirƙiro shi a 1996, kuma a yunwar Nijar ta 2005 ne ya yi suna, lokacin da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka yi jinyar dubun-dubatar yara da shi a yankin Maraɗi, yawancinsu a gidajen iyayensu. Matsalarsa daɗi. Na tarar yayyen yaron biyu suna lasa, uwar ta ce, "Malama, ya zan yi, suna kallona suna kuka?" Ban sami bakin yi mata faɗa ba. Na ƙara mata garin kunu saboda manyan, na ce wannan magani ne, a ɓoye shi kamar yadda ake ɓoye magani. Abin da ya ɓata mini rai shi ne ganinsa a teburin mai kanti a kasuwa, alhali makon jiya an dawo da mata biyu daga cibiyar da ake rabawa hannu wofi, wai ya ƙare.

Laraba, 20 ga Agusta

Bayan isha'i aka buga ƙofa. Wata ɗalibata ce da mijinta, ta riƙo tef a hannu, ta ce, "Malama, ja na gani, na sake sau uku." Na auna, 11.3. 'Yarta ce mai wata goma sha ɗaya, wadda ke kore a farkon wata. Babu kumburi, tana cin abinci. Da safe suka tafi, ba a kwantar da ita ba, aka sa ta a layin karɓar abincin tamowa. Mijin ne ya ce a zo a daren, shi ya riƙe fitila tana aunawa.

Asabar, 6 ga Satumba

Yara 44. Mai kati na 31: kumburi ya tafi tun tuni, damtse 12.1, ya fara tsayawa da bango. Ba za a sallame shi daga karɓar abincin tamowa ba sai ya kai 12.5 kuma an gan shi haka sau biyu a jere. Mun rasa jaririya ɗaya a rugar da ke bayan gari, ba ta cikin littafinmu. Sau biyu na ce za mu je rugar, ruwa ya cike hanya na ɗaga.

Asabar, 4 ga Oktoba

Sabon gero ya shigo, an ga alama a fuskokin mutane. Yara 58, mafi yawa tun da muka fara. An sallami mai kati na 31. Mai kati na 14 ta kai kilo 8.5, layinta yana hawa wata biyar a jere, tana tafiya da ƙafarta. Amma da malamar asibiti ta kwantar da ita a allo, tsawonta yana ƙasan layi, kuma ba ita kaɗai ba, a shafin tsawo katunanmu ba su da daɗin kallo. Nauyi yana dawowa cikin makonni, tsawon da aka rasa kuwa da ƙyar yake dawowa, musamman bayan shekara biyu. Shi ya sa ake maganar kwana dubu na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar shekara biyu. Ke nan mun makara da muka fara daga haihuwa. Uwar mai kati na 31 saura mata 'yan watanni ta sauka, kuma ba ta taɓa zuwa awon ciki ba. Inna ungozoma za ta raka ta ranar Talata.

Na gwada sikelin da jarkar ruwa mai lita biyar, ya nuna ƙarin kusan giram 200 a kan abin da ya nuna a Fabrairu. Ƙarfen cikinsa ya fara saki, sai malamar asibiti ta kai a duba kafin awon Nuwamba. Matan makaranta sun yarda kowace ta ajiye kwano ɗaya na gyaɗa da ɗaya na waken suya yanzu da suke araha, mu zuba a durom mai murfi saboda Yuli da Agusta, a kuma shanya zogale a inuwa a daka. Matan unguwar gabas sun aiko suna son a koya musu, na ce su turo mutum uku su zauna tare da mu awo biyu tukuna. Hanyar ruga ta bushe, Ardo ya ce mu zo ranar Lahadi da safe kafin mata su fita tallan nono. Tef 12 suka rage, za mu tafi da su duka.